Wai sojojin Tailan ba sa iya zaman bariki ne? Mai sani ya warware mana

Abu_Sumayya ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan an wuni lafiya. Dan Allah tambaya gareni ga masu bin labaran ƙasashen Asiya. Ni dai abinda na sani game da Tailan bai wuce shinkafa da damben nan nasu na gwiwa da ƙafa ba, sai kwanakin baya ina sauraron labarai naji wai kotu ta tsige firaministarsu, yarinyar nan Petongtan, akan wata waya da tayi da tsohon shugaban Kambodiya Hun Sen aka naɗi muryar aka watsa a intanet, wai ta kira shi kawu kuma ta soki wani janar na ƙasarta. Ban gama mamakin wannan ba kuma naji ance ubanta Taksin an tasa ƙeyarsa gidan yari, kuma wai shima da can soja ne suka kifar dashi, gwaggonta ma haka akayi mata.

Toh ni abinda ya ɗaure min kai, wannan gidan me suka tsare wa soja ne haka? Kuma in ɓarayi ne kamar yadda ake faɗa me yasa duk sanda akayi zaɓe talakawa su suke dangwala wa? Sannan akwai wani abokina da muke musu dashi yace min wai sojojin da suke cewa gyara suka zo sun fi 'yan siyasar ci nesa ba kusa ba, ni kuma nace masa ai ko babu komai soja akwai tarbiyya da tsoron doka. Wanda ya san kan abin ya warware mana dan Allah, kar in je in ci gaba da musu akan abinda ban sani ba.

Mai_Rediyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam Abu Sumayya. Tambayarka uku ce amma jijiyarsu ɗaya, kayi haƙuri da tsawon rubutu, mu tsofaffi in muka fara sai an riƙe mu.

Tun 1932 da wasu hafsoshin soja da 'yan boko suka ƙwace cikakken iko daga hannun sarki, lokacin sunan ƙasar ma Siyam, soja suka ɗauka ƙasar amanarsu ce, farar hula aro ake basu. Daga nan zuwa yau juyin mulkin da yayi nasara ya haura goma, tsarin mulkin 2017 kuwa shine na 20 da suka rubuta. Kuma duk wanda ya fito da tankoki waƙar ɗaya ce, 'yan siyasa sun ɓata ƙasa munzo mu wanke. Sarit Tanarat da ya ƙwace a 1957 haka yazo da zafi kamar gaske, har harbe masu laifi yake sawa ayi a bainar jama'a, da ya mutu a 1963 sai iyalansa suka kaure da rigimar gado a kotu, a nan ne duniya taji abinda ya tara, sama da dala miliyan 100 a kuɗin wancan zamani, ga filaye ga gidaje ga matan da ya ajiye a gefe birjik. Kaga tun daga nan abokinka ya fara cin musu.

Yanzu Taksin. Shi asalinsa ɗan sanda ne, ya ajiye kaki ya shiga harkar wayar salula ya zama hamshaƙin attajiri, ya kafa jam'iyyar Thai Rak Thai yaci zaɓe a 2001. Abinda yayi wanda ba'a saba yi ba shine ya juya wajen manoman arewa da arewa maso gabas, yankin da suke kira Isan, waɗanda manyan Bankok suke yiwa kallon ƙauyawa masu sayar da ƙuri'a. Ya kawo tsarin bat 30 (bat shine kuɗin ƙasar) kaje asibiti a duba ka ko wace irin cuta ce, ya ware bat miliyan ɗaya ga kowane ƙauye a riƙa ba mutane rance, ya ɗaga wa manoma ƙafa akan bashi. Mutumin da a da sai ya sayar da ɓaunarsa ta noma kafin ayi wa matarsa tiyata, kace masa Taksin ɓarawo ne? Zai ce maka na baya ma sun sata kuma basu bashi komai ba. Shi yasa a 2005 ya lashe kujeru fiye da 370 cikin 500, abinda ba'a taɓa gani ba a ƙasar. Wannan amsar tambayarka ta biyu kenan.

Ta farkon kuma, laifinsa a wajen soja ba sata bace, hannu yasa a tukunyarsu. A 2003 ya ɗora ɗan uwansa Chaiyasit Shinawat a kujerar babban hafsan sojan ƙasa, yana ta tura 'yan ajinsu na makarantar share fagen shiga soja, 'yan aji na 10, zuwa manyan muƙamai. Sojan Tailan kuwa da 'yan aji ɗaya da 'yan runduna ɗaya ake rabon komai, wanda ya tsallake layi ya taɓo gidan rina. A tsakiyar 2006 tsohon firaminista Janar Prem, wanda shine shugaban majalisar mashawartan sarki, ya tsaya gaban ɗaliban soja yace musu soja kamar doki ne, gwamnati mahayi ce kawai da ake ɗauka haya ranar sukuwa, mai dokin daban yake. Wanda bai gane wannan karin maganar ba bai san Tailan ba. Ga kuma cinikin da iyalan Taksin sukayi a farkon shekarar, suka sayar wa kamfanin Temasek na Singafo hannun jarinsu na Shin Corp akan bat biliyan 73 ba tare da biyan haraji ko sisi ba, 'yan birni suka fito da riguna ruwan ɗorawa, kalar sarki, suna ta zanga-zanga. Ranar 19 ga Satumba 2006 yana New York wajen taron Majalisar Ɗinkin Duniya Janar Sonti ya fito da tankoki.

Daga nan sai abin ya zama kamar wasan yara, a rusa jam'iyyarsa, ta canza suna, taci zaɓe, a sake rusawa. Samak, mutumin Taksin da ya hau firaminista a 2008, kotu ta cire shi saboda yana gabatar da shirin girke-girke a talabijin ana biyansa, wallahi ba raha nake ba. Surukin Taksin, Somchai, ya hau, shima aka rusa jam'iyyar. 'Yan jar riga, magoya bayan Taksin, suka mamaye tsakiyar Bankok a 2010 suna neman zaɓe, soja suka buɗe wuta, mutum wajen 90 suka mutu a watanni biyu. Akayi zaɓen a 2011, ƙanwarsa Yinglak ta lashe. Ɗan gyara a maganarka anan, ita kotu ce ta fara cire ta ranar 7 ga Mayu 2014 akan sauya wa wani babban jami'in tsaro wurin aiki, bayan sati biyu Janar Prayut ya tara shugabannin ɓangarorin biyu a kulob ɗin soja wai sulhu, da yaga basu daidaita ba sai kawai yace ya karɓi mulki, aka kulle ƙofa aka kwashe su a motoci. Shekara tara yayi a kujerar.

Kuma kar ka manta da wannan, duk tsarin mulkin da suka rubuta bayan juyi sai sun saka sakin layin da ya yafe musu abinda sukayi da wanda zasuyi. Kasafin ma'aikatar tsaro kusan bat biliyan 86 ne a 2006, zamanin Prayut ya haura biliyan 200.

Hajiya_Pratunam ta rubuta:

Baba Mai Rediyo Allah ya ƙara lafiya, ka tuna min da abinda bana son tunawa. Ni rikicin nan a jikina naji shi ba a rediyo ba. Ƙarshen Nuwamba 2008 naje saro kaya Bankok, na gama komai na ɗaure kayana na biya kuɗin kago, saura kwana ɗaya in tashi, sai ga labari wai 'yan riga ruwan ɗorawa sun shiga babban filin jirgin Suwannapum sun zauna, kafin kace me sun haɗa da ɗaya filin na Don Muang. Da farko dariya nayi nace ai zuwa gobe soja zasu kore su, filin jirgi guda fa. Ina! Ko motsi soja basuyi ba, shi babban hafsan lokacin Anupong ma fitowa yayi yana ba firaminista shawara ya rusa majalisa. Sama da sati muna zaune, kuɗin guzuri ya ƙare, mu huɗu muka koma ɗaki ɗaya a wani ƙaramin masauki muna dafa taliyar leda a butar shayi, ga alhazan kudancin ƙasar an baro su a filin jirgi da jakunkunansu ga Arfa ta matso, tsofaffi suna kuka, daga baya ta wani filin jirgin sojan ruwa da ake kira Utapao aka riƙa kwashe mutane, nima ta can na fita bayan na kwana akan kwali.

Abinda yasa na kawo wannan, ranar 2 ga Disamba kotu ta rusa jam'iyya mai mulki, washegari masu zanga-zangar suka naɗe tabarminsu suka tafi gida suna rawa. Toh ka haɗa da 2010 da 'yan jar riga suka zauna a unguwar manyan kantuna, su harsashi aka aika musu har cikin haikalin da mutane suka fake. Tun daga nan na daina yarda da maganar wai soja ba ruwansu da ɓangare.

Wani direban tasi da nake yawan ɗauka, ɗan Isan ne, turancinsa kamar nawa a karye, yana da hoton Taksin ya ɓoye a bayan abin kare rana na motar, in ya yarda da kai sai ya sauke ya nuna maka yayi murmushi ya mayar. Yace min mahaifiyarsa da katin bat 30 akayi mata aikin ido. Amma mai shagon da nake sayen yadi a wajenta, 'yar Bankok ce jikar 'yan Sin, in ka ambaci sunan Taksin sai ta tofar da yawu, tace harajinsu yake ɗiba yana sayen ƙuri'ar ƙauye. Ni dai ciniki ya kawo ni, kowa na gyaɗa masa kai.

Tsohon_Dalibi ya rubuta:

Salam. Baba da Hajiya sun faɗi gaskia amma ina jin tsoron kar Malam Abu Sumayya ya tashi daga nan da tunanin Taksin wani waliyyi ne da aka zalunta. Nayi karatu a kudancin ƙasar, yankin Musulmi Malayawa, Yala da Pattani da Naratiwat, can in ka ambaci garin Tak Bai har yau fuskar mutane canzawa take. Ranar 25 ga Oktoba 2004, cikin azumi, Taksin na kan mulki, mutane sukayi zanga-zanga a gaban ofishin 'yan sanda, aka harbe bakwai nan take, aka kama sama da dubu aka tuɓe musu riga aka ɗaure hannuwansu ta baya aka jera su a manyan motocin soja wani kan wani kamar buhuna, tafiyar awanni zuwa barikin Pattani, kafin a isa 78 sun mutu saboda rashin numfashi. Abinda Taksin ya fara cewa wai azumi ne ya raunana su. Shekara 20 cif ba jami'in da ya kwana a gidan yari, wa'adin shari'ar ya ƙare a Oktoba 2024, kuma babban wanda ake tuhuma, tsohon kwamandan yankin, a lokacin ɗan majalisa ne a jam'iyyar Pheu Thai ta su Taksin, ya fice waje wai neman magani har ranar ta wuce. Ga yaƙin da yace yana yi da ƙwaya a 2003 da aka kashe mutum sama da 2,000 cikin wata uku ba shari'a. Kenan in wajen danne talakan da bashi da gata ne, shi da janarorin ba sa faɗa.

Amma maganar cin soja, bari in baku wanda na gani da idona. Wajen 2009 duk shingen bincike da ka tarar akwai soja riƙe da wani baƙin abu na roba kamar mariƙin buta, da siririyar eriya irin ta rediyo tana lilo, sunansa GT200, wai yana shinshino bam da ƙwaya daga nesa. Babu batir babu komai, wai da wutar jikin mai riƙewa yake aiki, ana zura masa wani kati. Wata rana muna dawowa daga kasuwa a motar haya aka sauke mu aka jera, sojan nan yana takawa a hankali kamar mai bin sawun ɓarawo, eriyar ta juya ta nuna wani dattijo mai buhun busasshen kifi, aka zazzage kifin nan a ƙasa tas ba komai, aka sake zagayowa ta sake nuna shi, sai da suka riƙe shi mu aka ce mu tafi. Ban san yadda ya ƙare ba, amma mutane da yawa an tsare su kwanaki saboda eriyar nan ta nuna su, kuma an sha duba mota ace lafiya lau daga baya ta tashi da mutane.

Ashe fanko ne. Da surutu yayi yawa gwamnatin Abisit tasa akayi gwaji a Fabrairu 2010, sau 4 kacal ya dace cikin 20, wato ko canki-canka kayi zaka iya fin haka. Da aka fasa shi ba'a samu ko waya ɗaya a ciki ba. Sojan ƙasa kaɗai sun sayi guda 757, da yawa akan wajen bat 900,000 kowanne, abinda kotun Ingila ta gano haɗa shi bai kai fam 5 ba, kuma ta ɗaure baturen da ya ƙera shi, Gary Bolton, shekara bakwai a 2013. Shi kuwa Janar Anupong ko bayan gwajin cewa yayi yaransa sun gamsu yana aiki, daga baya ma ministan cikin gida ya zama zamanin Prayut. Abin dariya abin kuka, a 2022 wani ɗan majalisar adawa ya tono cewa an ware bat 10,000 akan kowane guda ɗaya wai a sake gwada su a tabbatar basa aiki.

Sai kuma balan-balan ɗin leƙen asiri da suka sayo a 2009 akan bat miliyan 350 aka ajiye a Pattani, yawancin rayuwarsa a rumfa yayi ana ɗura masa iska yana sacewa, ya taɓa faɗowa ma, a 2017 akace yayi ritaya. Yara a can har wasa suke da maganarsa.

Gaskiya_Daci ya rubuta:

Hhhh Tsohon Ɗalibi ka manta da sarkin labaran, agogon Prawit. Janar Prawit Wongsuwan, mataimakin firaminista zamanin Prayut, shine babban yaya a cikin 'yan ukun nan, shi da Anupong da Prayut, duk daga rundunar gabas suka fito da ake yiwa laƙabi da Damisoshin Gabas, su suka riƙe sojan ƙasa kusan a jere. Disamba 2017 ana ɗaukar hoton sabbin ministoci a tsakar rana, rana ta dame shi ya ɗaga hannu ya kare ido, sai ga agogon Richard Mille da zoben lu'ulu'u suna walƙiya, kuma babu su a takardar bayyana kadarorinsa. 'Yan Facebook suka duƙufa tono tsofaffin hotunansa, yau a gano Rolex gobe Patek Philippe, sai da aka ƙirga sama da 20. Da aka tambaye shi yace aro ne daga wani abokinsa, abokin kuma ya rasu. Zoben kuma na mahaifiyarsa ne. Hukumar yaƙi da cin hanci ta zauna a ƙarshen 2018 ta wanke shi da ƙuri'a 5 da 3, shugaban hukumar kuwa tsohon na hannun damansa ne. Kuma shi Prawit ɗin an sha ɗaukarsa hoto ya sunkuyar da kai a zauren majalisa, mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi a zahiri kenan ba karin magana ba.

Ga dandalin Rajabhakti a Hua Hin da soja suka gina a 2015, mutum-mutumin tsofaffin sarakuna bakwai, kuɗin gudummawa wajen bat biliyan ɗaya, shi kansa tsohon babban hafsan da ya jagoranci aikin ya amsa cewa wani dillalin layu ya karɓi la'ada a hannun maƙeran, soja suka binciki kansu suka ce ba laifi, ɗaliban da suka hau jirgin ƙasa zasu je su gani da idonsu aka cire taragonsu aka kama su. Ga jirgin yaƙi mai nutso da suka yi odarsa daga Sin a 2017 akan bat biliyan 13.5, aka zo ana cikin ƙira Jamus tace bata sayar wa Sin injin kayan yaƙi, aiki ya tsaya shekaru, alhali tun 2014 sun buɗe hedikwatar rundunar jiragen nutso babu jirgi ko ɗaya. Dama suna da katafaren jirgin dakon jiragen yaƙi da Sipaniya ta ƙera musu a 1997 wanda tun 2006 bashi da jiragen.

Amma ni wanda yafi tsaya min a rai ba na manyan kwangiloli bane, na cikin gida ne, yadda babba yake cin ƙarami. Sojan Tailan suna da tashar talabijin, gidajen rediyo barkatai, filayen golf, otal-otal, filin sukuwa, har shahararren filin damben Lumpini nasu ne, kuma kuɗin da ke shigowa ba duka yake bi ta baitulmali ba. Janar-janar masu kaki sun haura dubu. Duk watan Afrilu samari 'yan shekara 21 suna layi su zura hannu a tulu, baƙin kati ka tafi gida, jan kati shekara biyu a bariki, zaka ga ƙato ya zube sumamme da ya ga ja. Mai kuɗi ya san hanyar da zai bi, ɗan manomi kuma wani sai ya ƙare yana wanke motar matar oga ko yana kiwon kajinsa. Fabrairu 2020 a birnin Korat wani samanja ya harbe kanar ɗinsa da surukar kanar ɗin akan cinikin gida da yace sun cinye masa kuɗi, irin bashin gidan nan na soja da manya suke dillanci a ciki, ya fasa ma'ajiyar makamai ya shiga kantin Terminal 21, mutum 29 ya kashe waɗanda basu san hawa ba basu san sauka ba. Babban hafsa Apirat ya fito yana hawaye a talabijin yace zai tsaftace kasuwancin soja, ya buɗe layin kai ƙorafi. Wani saja da ya yarda ya fito ya tona yadda ake cinye kuɗin alawus, shi aka kora.

Kar kuma a manta da Laftanar Janar Manas da aka ɗaure shekara 27 a 2017 akan safarar 'yan Rohingya bayan an gano ƙaburbura a dajin Songkla. Za kace ai gashi an hukunta babba, toh ɗan sandan da ya jagoranci binciken fa? Gudu yayi Ostireliya neman mafaka, yace manya suna neman ransa.

Abu_Sumayya ya rubuta:

Innalillahi. Toh na sallama, gobe zan nemi abokina in bashi haƙuri. Amma Baba Mai Rediyo saura ƙiris, in har gabar ta kai haka ya akayi Taksin ya dawo ƙasar da ƙafarsa har 'yarsa ta hau mulki? Kuma naga wannan karon ba'a fito da tankoki ba ai, ko sun shiryu ne?

Mai_Rediyo ya rubuta:

Basu shiryu ba ɗana, dabara suka sake. Tsarin mulkin 2017 ya basu sanatoci 250 da su suka naɗa da hannunsu, kuma aka ce a shekaru biyar na farko da su za'a zaɓi firaminista, ga kotun tsarin mulki ga hukumar zaɓe ga hukumar cin hanci duk an cika su da mutanen da suka yarda dasu. Mai wannan me zaiyi da tanka? Kuma kotun ta san wanda take gani. Tanaton, matashin attajirin da ya kafa jam'iyyar Future Forward yana cewa a rage kasafin soja a daina ɗaukar kurata dole, an rusa jam'iyyarsa a 2020 saboda ya ranta mata bat miliyan 191 daga aljihunsa. Amma Tammanat, na hannun daman Prawit a lokacin, wanda yayi shekara huɗu a kurkukun Ostireliya akan hodar iblis nau'in heroin, ya tsaya a majalisa yace ai garin fulawa ne, kotu tace hukuncin wata ƙasa bai hana shi zama minista ba.

Abinda ya dawo da Taksin kuwa tsoro ne, an samu dodon da ya fishi. Zaɓen Mayu 2023 yaran nan na su Tanaton suka dawo da sunan Move Forward suka zo na ɗaya da kujeru 151, Pheu Thai 141, har Bankok suka share kusan duka. Su kuma ba soja kaɗai suka taɓo ba, sunce zasu gyara sashe na 112, dokar da take ɗaure mutum shekara 3 zuwa 15 akan taɓa martabar sarki. Da aka zo zaɓen firaminista shugabansu Pita ya samu ƙuri'a 324 ana neman 375, sanatoci 13 kacal suka bashi. Sai Pheu Thai ta saki hannunsu ta rungumi jam'iyyun Prayut da Prawit, mutanen da suka kifar da Yinglak, bayan ta gama rantsuwa a kamfen cewa ba zata yi ba. Ranar 22 ga Agusta 2023 da safe jirgin Taksin ya sauka bayan shekara 15 yana gudun hijira, da yamma sanatocin soja suka ɗaga hannu wa ɗan takarar jam'iyyarsa Seta. Shekara takwas aka yanke masa, sarki ya mayar da ita ɗaya, ko kwana ɗaya cikakke baiyi a kurkuku ba aka wuce dashi hawa na 14 a asibitin 'yan sanda, wata shida aka sallame shi. 'Yan jar riga da yawa da suka binne 'yan uwansu a 2010 har ƙona rigunansu sukayi.

Da aka gama da yaran, aka rusa Move Forward ranar 7 ga Agusta 2024, bayan sati ɗaya kotu ta cire Seta. Petongtan ta hau, tayi shekara ɗaya, wayar Hun Sen ta fito ana tsaka da rikicin iyaka, aka cire ta ranar 29 ga Agusta 2025, Anutin na jam'iyyar Bhumjaithai ya hau a farkon Satumba, kwana huɗu bayan nan kotun ƙoli tace zaman hawa na 14 ba zaman kaso bane, Taksin ya koma ya fara shekararsa ɗaya daga farko.

Hajiya in kin sake komawa ki duba mana bayan abin kare ranar direban nan ko hoton yana nan.